Wa Ake Yi Wa Kuka? Tarihin 'Yan Fafutukar Turai da Gawarwakin da Suka Tsallake

A ƙarshen shekarun 1890, wani matashin akawu mai suna Edmund Morel yana aiki da kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster a birnin Liverpool. Da yake a Paris aka haife shi, yana jin Faransanci, sai kamfanin ya riƙa tura shi tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam don ya duba lissafin kayan da ake saukewa da waɗanda ake lodawa zuwa Kwango. A bakin wannan tasha ya lura da wani abu. Jiragen suna dawowa maƙare da roba da hauren giwa, dukiya ta fitar hankali, amma in za su koma, mafi yawan abin da ake loda musu bindigogi ne da harsasai da hafsoshin soja. Kayan ciniki ɗan kaɗan ne, bai kai a ce da shi aka biya wannan dukiya ba. Nan ya gane cewa mutanen Kwango ba sayar da robar suke yi ba, da bakin bindiga ake karɓarta.

Kwango a lokacin ba ma ta ƙasar Beljiyam ba ce. Mallakar Sarki Leopold na Biyu ce shi kaɗai tun 1885. Sojojinsa su shiga ƙauye su kama mata su tsare, ba za a sake su ba sai mazan sun kawo adadin robar da aka yanka musu. Wanda ya gaza ya sha bulalar dorina, ƙauyen da ya yi gardama a cinna masa wuta. Kuma da yake hafsoshi suna neman shaidar cewa ba a ɓarnatar da harsashi wajen farauta ba, sai sojoji suka riƙa yanko hannuwan mutane suna kawowa. Tun a 1890 wani baƙar fatan Amurka, George Washington Williams, ya je ya gani da idonsa ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa, amma maganarsa ba ta yi nisa ba. Ta Morel ce ta yi. Ya ajiye aikinsa, ya kafa jarida a 1903, sannan a 1904, bayan rahoton ƙaramin jakadan Birtaniya Roger Casement ya tabbatar da zancen, suka kafa Ƙungiyar Gyaran Kwango. Wata 'yar mishan, Alice Harris, ta ɗauki hoton wani mutum mai suna Nsala zaune a bakin baranda, ya zuba wa hannu da ƙafar 'yarsa 'yar shekara 5 ido, waɗanda aka yanke. Da wannan hoto da ire-irensa aka zagaya coci-coci da zaurukan taro na Ingila da Amurka ana haska su a majigi, mutane suna hawaye suna sa hannu a takardun koke. Manyan marubuta irin su Mark Twain da Arthur Conan Doyle suka shiga. A 1908 dole ta sa Leopold ya miƙa Kwango ga gwamnatin Beljiyam.

Wannan aiki ne na gaske, duk mai ƙaunar adalci zai jinjina masa, kuma masana da dama suna kiransa babban gangamin kare haƙƙin ɗan'adam na farko a ƙarni na 20. Shi ya sa ya cancanci a duba shi da idon basira, domin halin da aka haife shi da shi har yau bai bar jikokinsa ba.

A shekarar da aka kafa ƙungiyar, Janar von Trotha na Jamus ya ba da umarnin a shafe al'ummar Herero a ƙasar da ake kira Namibiya yanzu. Daga 1905 zuwa 1907 Jamusawan suka murƙushe boren Maji Maji a Tanganyika ta hanyar ƙone gonaki har yunwa ta kashe jama'a ba adadi. A tsallaken kogin Kwango, a yankin Faransa, irin tsarin robar Leopold ake yi. Har cikin masu ba Morel kuɗi akwai William Cadbury, mai kamfanin cakulan, wanda kamfaninsa ke sayen koko daga tsibirin São Tomé, inda ake noma shi da mutanen da aka kamo daga Angola. Tun 1901 labari ya iske kamfanin, bai daina saye ba sai 1909.

Mafi kusa da mu kuwa shi ne abin da ya faru a Satiru, wani ƙauye da ke kudu da Sakkwato, tafiyar da ba ta kai yini ba. Talakawa ne suka cika shi, da bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu, suka taru a bayan Malam Isa da wani makaho mai wa'azi da ake kira Ɗan Makafo, wanda ya tsallako daga yankin Dosso bayan Faransawa sun murƙushe wani bore a can. A ranar 14 ga Fabrairun 1906 wata rundunar mahaya ta Turawan mulki ta doshi ƙauyen. Mutanen Satiru suka fito da fartanya da gatari suka tarwatsa ta, Turawa 3 da sojojin Afirka 25 suka mutu. Gwamna Lugga ya tattaro sojoji da bindigogi masu sarrafa kansu. A ranar 10 ga Maris aka koma. An ƙiyasta cewa mutum kusan 2,000 aka kashe, aka kora dubban mata da yara zuwa Sakkwato, aka baje ƙauyen, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu kuma ya tsine wa duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Wata guda da rabi bayan nan aka faɗa wa Haɗeja aka kashe Sarki Muhammadu. A Landan, Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin mulkin mallaka, ya nuna rashin jin daɗinsa a takardun ofis, maganar kuma ta tsaya a cikin fayil.

A wannan shekarar ta 1906 Morel ya fitar da shahararren littafinsa a kan robar Kwango, gangami yana kan ganiyarsa. Amma ba a kafa wata ƙungiya domin Satiru ba, ba a zagaya coci da hotunan matanta ba, duk da cewa da yawan waɗanda aka kashe bayi ne masu neman 'yanci, masu kisan kuma harajin mutanen Ingila ke riƙe da gwamnatin da ta aiko su. Masanin tarihi Adam Hochschild, wanda ya rubuta labarin Leopold a 1998, ya yi tambayar me ya sa Kwango kaɗai, ya kuma ba da amsa mai gamsarwa: Beljiyam ƙaramar ƙasa ce, sukar ta ba ta ja wa Ingila rigima da kowa, ba ta kuma taɓa daularta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Morel da kansa ya zo Najeriya a tsakanin 1910 da 1911, ya kai har Kano, ya koma ya rubuta littafi yana yabon tsarin mulkin Turawa a Arewa. A wajensa akwai mulkin mallaka mai kyau da marar kyau, kuma na ƙasarsa yana cikin mai kyau.

Abin da ya yi a 1920 shi ya fi ciwo. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransa ta girke sojoji a yankin kogin Rhine na Jamus, cikinsu da dubban 'yan Afirka da ta ɗebo daga Maroko da Aljeriya da Madagaska da ƙasashen Afirka ta Yamma. Morel, wanda a lokacin ya zama jigo a cikin masu adawa da yaƙi, yana ganin an zalunci Jamus a yarjejeniyar Versailles, yana neman makamin da zai yaƙi Faransa da shi. Sai ya samu a fatar waɗannan sojoji. A watan Afrilun 1920 ya yi rubutu a shafin farko na Daily Herald, jaridar 'yan ƙwadago, yana cewa Faransa ta saki baƙaƙen da ba sa iya riƙe sha'awarsu a kan matan Turai. Ƙasidar da ya fitar bayan nan an sake buga ta sau da yawa, ƙungiyoyin mata da na ma'aikata suka yi taro suka goyi baya. Binciken hafsoshin Amurka da ke yankin ya nuna an zuzuta zancen ƙwarai, amma ƙarya ta riga ta yi nisa. Hitler ya ɗauke ta ya sa a littafinsa, kuma a 1937 aka yi wa ɗaruruwan yaran da waɗannan sojoji suka haifa tiyatar hana haihuwa da ƙarfin tsiya.

Wanda ya fito ya ba Morel amsa wani marubuci ne ɗan Jamaika da ke zaune a Landan, Claude McKay. Ya aika wa Daily Herald wasiƙa, editanta George Lansbury, babban ɗan gurguzu, ya ƙi bugawa. Sylvia Pankhurst ce ta buga ta a ƙaramar jaridarta. Morel, mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa domin 'yan Kwango, bai ji nauyin jefa 'yan Afirka cikin wuta ba da rigimar Turai ta buƙaci haka. Ni a ganina nan ne zancen yake. Tausayin na gaske ne, amma ma'aunin da ake auna wahalar mutane da shi a gida yake, rigingimun gida ne ke faɗin gawar da za a tsaya a kanta da wadda za a tsallake.

Su ma masu kiran ma'aikatan duniya su haɗa kai ba su tsira ba. A babban taron jam'iyyun gurguzu da aka yi a Stuttgart a watan Agustan 1907, wani wakili daga Holan, Henri van Kol, ya kawo ƙudurin cewa bai kamata a la'anci mulkin mallaka baki ɗaya ba, tunda gwamnatin 'yan gurguzu ma za ta iya yin sa don wayar da kan mutane. Da ƙyar aka kayar da ƙudurin, tazarar ƙuri'u kusan 20 ce, kuma ƙuri'un ƙasashen da ba su mallaki kowa ba ne suka ceci taron.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, mulki ya faɗo hannun waɗannan jam'iyyu, aka ga abin da za su yi da shi. A Birtaniya jam'iyyar Leba ta kafa tsarin asibiti kyauta a 1948, abin da har yau ake yabo. A ƙarƙashin wannan gwamnati ce 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Enugu ranar 18 ga Nuwamban 1949, ma'aikatan da ke neman haƙƙinsu kamar takwarorinsu na Wales. A zamaninta ne kuma aka kafa hukumomin sayen koko da gyaɗa da auduga, masu biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar kuma a ajiye ta a Landan tana tallafar fam ɗin Ingila. Manomin gyaɗar Kano yana da gumi a cikin farfaɗowar Birtaniya, ba a dai saka sunansa ba.

Na Faransa ya fi tsawo. Ranar 8 ga Mayun 1945, ranar da Turai ke murnar faɗuwar Hitler, 'yan Aljeriya suka fito a garin Sétif da tutarsu suna neman nasu 'yancin. Aka harbe matashin da ke riƙe da tuta, gari ya rikice, Turawa kusan 100 suka mutu. Ramuwar da ta biyo baya ta ɗauki makonni, da jiragen sama da na ruwa, aka kashe dubban mutane. Gwamnatin Aljeriya tana cewa 45,000. A lokacin akwai ministocin jam'iyyar Kwaminis a gwamnatin Janar de Gaulle, jaridar jam'iyyar kuma ta kira jagororin masu neman 'yancin 'yan barandan Hitler. A 1947 aka murƙushe boren Madagaska, dubun-dubatar mutane suka hallaka, firaminista da ministan ƙasashen mallaka duk 'yan jam'iyyar Soshalis ne.

A watan Janairun 1956 Guy Mollet, shugaban Soshalis, ya hau mulki da alkawarin kawo zaman lafiya a Aljeriya. Ya je birnin Aljas ranar 6 ga Fabrairu, Turawan da ke zaune a can suka tare shi da jifan tumatir, ya dawo da wani ra'ayi. Ranar 12 ga Maris majalisa ta jefa ƙuri'a kan buƙatarsa ta a ba gwamnati iko na musamman, wanda ya sakar wa soja mara a Aljeriya. Ƙuri'a 455 ta amince, 76 ta ƙi, kuma 'yan Kwaminis suna cikin masu amincewa. Hujjarsu ita ce ba sa son su ɓata ƙawancensu da Soshalis a siyasar cikin gida. Da wannan iko aka buɗe ƙofar azabtarwa. François Mitterrand, ministan shari'a a wannan gwamnati, wanda daga baya ya soke hukuncin kisa a Faransa a 1981, a zamaninsa aka fille kawunan fursunoni 45 na yaƙin Aljeriya, na farko shi ne Ahmed Zabana a ranar 19 ga Yunin 1956.

Aimé Césaire, ɗan majalisa daga tsibirin Martinique kuma magajin garin Fort-de-France, ya fi shekara 10 a jam'iyyar Kwaminis. A ranar 24 ga Oktoban 1956 ya rubuta wa shugabanta Maurice Thorez wasiƙar ficewa. Ya ambaci ta'asar Stalin da aka tona a shekarar, ya ambaci ƙuri'ar Aljeriya. Ƙorafinsa babba shi ne jam'iyyar ta ɗauki gwagwarmayar baƙar fata ƙaramin reshe na gwagwarmayar ma'aikatan Faransa, wanda za a iya jinkirtawa ko a yi ciniki da shi duk sa'ad da lissafin Paris ya so. Ya ce suna kiran mutum ɗan'uwa, amma kullum su ne yayye masu nuna hanya.

Shekara 5 bayan nan maganarsa ta tabbata a titunan Paris. Ranar 17 ga Oktoban 1961, 'yan Aljeriya fiye da 20,000, maza da mata da yara, suka fito ba makami don ƙin dokar hana fita da aka ƙaƙaba musu su kaɗai. 'Yan sandan birnin, ƙarƙashin shugabansu Maurice Papon, suka far musu da kulki da bindiga, aka jefa wasu cikin kogin Seine, aka kama kusan 12,000 aka tsare a filayen wasa. Masana tarihi suna lissafa mamatan daga gommai zuwa sama da 100. Ba a yi musu jana'izar jama'a ba, manyan jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago ba su cika titi dominsu ba. Ba a cika wata 4 ba, ranar 8 ga Fabrairun 1962, 'yan sandan Papon ɗin suka far wa wata zanga-zangar 'yan ƙwadago a bakin tashar jirgin ƙasa ta Charonne, mutum 9 suka mutu, dukansu 'yan ƙungiyar ƙwadago ta CGT. Ranar jana'izarsu ɗaruruwan dubban mutane suka raka su maƙabarta, aka yi yajin aiki, shekara da shekaru ana tunawa da su. Kisan Oktoba kuwa sai da Jean-Luc Einaudi ya tono shi a littafinsa na 1991, sai 2012 wani shugaban Faransa ya amsa cewa an yi shi. Birni ɗaya, shugaban 'yan sanda ɗaya, dalilin fitowa ma kusan ɗaya.

Adalci ne a ambaci waɗanda suka tsaya. Akwai Faransawan da suka riƙa ɓoye 'yan gwagwarmayar Aljeriya suna ɗaukar musu kuɗi har aka ɗaure su, akwai masana da marubuta 121 da suka sa hannu a 1960 suna goyon bayan matasan da suka ƙi zuwa yaƙin, akwai lauya Gisèle Halimi da ta kare 'yar gwagwarmayar Aljeriya Djamila Boupacha. A Ingila akwai Fenner Brockway da Barbara Castle. Amma tsiraru ne, kuma mafi yawan lokaci da shugabannin jam'iyyunsu suke faɗa.

Da fafutukar mata ta yi ƙarfi a shekarun 1970, sai halin ya sake bayyana da wata siffa. A taron mata na duniya na farko a birnin Meziko a 1975, wata matar mahaƙin ma'adinai daga Bolibiya, Domitila Barrios de Chungara, ta miƙe ta ƙalubalanci manyan 'yan fafutukar da suka zo da jerin matsalolinsu a matsayin matsalar kowace mace. Ita an taɓa tsare ta tana da ciki, aka doke ta har ta rasa jaririn, gidan da take ciki na kamfani ne, mazan garinsu ƙurar rami na cinye huhunsu. Abin da ta zo faɗa ke nan. Shekara guda bayan nan, Nawal El Saadawi ta Masar da Fatima Mernissi ta Maroko suka fito daga wani taro a kwalejin Wellesley ta Amurka suna ƙorafin cewa an gayyato su ne su saurari bayanin rayuwarsu daga bakin wasu. A 1977 mata masana na Afirka suka kafa ƙungiyarsu ta bincike a Dakar. A taron Kopenhagen na 1980 aka yi sa-in-sa a kan kaciyar mata. Matan Afirka da suka daɗe suna yaƙi da al'adar sun ce ba su yarda a mayar da ita labarin matan nahiyar kaɗai ba, alhali babu mai tambayar ruwan sha da asibitin haihuwa da bashin da ke rufe makarantu.

Mun ga irin wannan a ƙofar gidanmu. Da kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa bisa zargin zina a 2002, takardun koke suka cika intanet da miliyoyin sa hannu. A watan Mayun 2003 ƙungiyar BAOBAB ta matan Najeriya, wadda ke cikin masu tsaya mata, ta fitar da wasiƙa tana roƙon a dakata. Ta ce wasu takardun cike suke da kurakurai, har da ranar kisa da babu ita, kuma irin wannan matsin lamba ya taɓa sa an gaggauta yi wa wata yarinya bulala a Zamfara tun kafin a ɗaukaka ƙara. Ranar 25 ga Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta sallami Amina, bisa hujjojin da lauyoyinta suka ciro daga fiƙihun Malikiyya, har da batun kwantaccen ciki da damar janye iƙirari.

Sai zamanin intanet, inda zaɓen ya ƙara sauri. A 2004 ƙungiyoyin addini da na ɗalibai da na kare haƙƙi fiye da 100 suka haɗu a Amurka suka kafa gamayyar Save Darfur. Ranar 30 ga Afrilun 2006 suka cika dandalin Washington, ga George Clooney, ga Sanata Barack Obama. Kisan da 'yan Janjawid ke yi a yankin Darfur na Sudan gaskiya ne, ya kuma cancanci ihu. Amma kasafin gamayyar na 2006, kimanin dala miliyan 15, a talla da gangami ya tafi, ba a sansanonin 'yan gudun hijira ba. A daidai lokacin, wata ƙungiyar agaji ta ƙiyasta cewa yaƙin gabashin Kwango ya jawo mutuwar mutum miliyan 5 da dubu 400 daga 1998 zuwa 2007. Ko da an rage adadin kamar yadda wasu masana ke so, babu yaƙin da ya kai shi kisa a lokacin, kuma babu dandalin da aka cika dominsa. Mahmood Mamdani, masani ɗan Yuganda, ya yi bayani a littafinsa na 2009: labarin Darfur an tsara shi Larabawa suna kashe baƙaƙe, ya dace da yanayin Amurka bayan harin 11 ga Satumba, kuma ya ba matasa damar nuna tausayi ba tare da sun fuskanci abin da sojojinsu ke yi a Iraƙi ba. Na Kwango kuwa ba shi da sauƙin bayani, kuma cikin masu hannu a ciki har da Ruwanda da Yuganda, ƙawayen Amurka da Birtaniya.

Ranar 25 ga Fabrairun 2014 Boko Haram ta shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi da dare ta kashe ɗalibai maza, rahotanni suka ce har 59. Duniya ba ta motsa ba. Ranar 14 ga Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok. 'Yan Najeriya ne suka fara kiran a dawo da su, irin su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu, su ne kuma suka ci gaba da zama a dandalin Abuja bayan taurarin duniya da suka ɗaga kwali a watan Mayu sun wuce wani zance. Yara kusan 300 da aka kwashe daga wata makarantar firamare a Damasak ba su samu ko kwalin ba. A makon farko na Janairun 2015 aka yi kisan Baga, a makon da aka kai hari ofishin mujallar Charlie Hebdo. Shugabannin ƙasashe kusan 40 suka yi jerin gwano a Paris. Abin takaici, ma'aunin nan har mu ya bi: Shugaba Mahamadou Issoufou yana cikin jerin, Shugaba Goodluck Jonathan kuma ya aika wa Faransa ta'aziyya tun kafin a ji bakinsa a kan Baga.

'Yan fafutukar Yamma suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mutum ya fi cancanta ya yi ihu a kan laifin da gwamnatinsa ke da hannu a ciki, inda muryarsa za ta yi tasiri. Da wannan hujja aka yaƙi yaƙin Biyetnam da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, da ita ɗaliban Amurka suka kafa tantuna a jami'o'insu a 2024 saboda Gaza, wasu aka kama su, wasu aka kore su. Sun yi daidai, kuma ba na cikin masu ɗauko gawar Sudan don su rufe bakin mai kukan Gaza. Abin da nake cewa shi ne a bi hujjar har ƙarshenta. Makaman Amurka da Birtaniya ne suka yi shekaru suna sauka a kan Yaman. Ma'adinan gabashin Kwango suna cikin wayoyi da batiran da ake shirya zanga-zangar da su. Yaƙin Tigray ya ɓarke watanni kaɗan bayan duniya ta cika titi saboda kisan George Floyd, kuma Olusegun Obasanjo, wanda ya shiga tsakani, ya ce mamatan za su iya kai 600,000.

Darfur ɗin da aka yi wa gangami ita ce yau ake sake yankawa, masu yankan kuma su ne 'yan Janjawid ɗin da suka rikiɗe suka zama dakarun RSF. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, sama da mutum miliyan 12 sun bar gidajensu, cikinsu da Hausawan Sudan da kakanninsu suka zauna a can kan hanyar Makka. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce an kashe tsakanin mutum 10,000 da 15,000 a garin El Geneina kaɗai a 2023, sun kuma ce zargin da ake wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na ba RSF makamai abin gaskatawa ne, ko da yake ita tana musantawa. Ƙasar babbar mai sayen makaman Yamma ce. A watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam, a watan Oktoban 2025 kuma El Fasher ta faɗa hannun RSF. Gamayyar Save Darfur tun 2011 ta narke cikin wata ƙungiya.

Waɗanda suka riƙe mutane da rai matasan unguwanni ne na Sudan, waɗanda suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da wuraren dafa abinci na jama'a, suna ɗora tukunyar wake a harabar masallaci ko makaranta, ɓangarorin yaƙin biyu kuma suna kama su suna kashewa. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025, masu gudanar da wuraren sun ce kusan kashi 80 cikin 100 sun rufe. Sauran da ke ci gaba, mafi yawa da kuɗin 'yan Sudan mazauna waje suke sayen gawayi da hatsi. Mai karatu, ko kana Kano ko Damagaram ko Kumasi, mutanen nan maƙwabtanmu ne, wasu ma danginmu. Ka nemi labarinsu, ka tayar da maganarsu a masallacinku da ƙungiyarku, in kana da hali ka kai musu taimako.